Yadda Ake Ƙirga Kalmomin Bakin Arawa

Duk malamin yaƙi da jahilci da zai tsara littafin koyon karatu don manoman Arawa na Dogon Dutsi da Tibiri a Nijar, tambaya ɗaya ke tsare shi: waɗanne kalmomi za a fara koyarwa? Ƙwararru ba sa kintace, ƙirgawa suke yi.

Da farko ka nemo magana ta gaske. Bar jaridun Kano inda suke. Je ka Matankari ko Lugu ka naɗi tatsuniyar tsohuwa, da cinikin wake a kasuwa, da hirar dattawa bayan la'asar. In ka dawo, ka rubuta duk abin da kunnenka ya ji, har da "to" da "wai". Sauran ƙirga ce kawai, kowace kalma da layinta, ta sake fitowa ka ja mata zane. Kwamfuta kan gama wannan nan take, amma ni har yau ina girmama tsofaffin malaman da suka yi shi da alƙalami da guntayen takardu.

Inda aikin ke ɓaci shi ne wajen yanke hukunci a kan mece ce kalma guda. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Saboda haka "da" ta "gero da dawa" da "da" ta "mutanen da" sai su faɗa rami ɗaya. In mai buga rubutun ya yi ƙyuyar sa lanƙwasa, "ɗa" ma ya bi su, "ƙasa" kuma ta koma "kasa". Dole ka bi kowacce cikin jimlarta, ka karanta da babbar murya, kunne ya raba gardama. Sannan ga karin harshe. Ba'are zai ce "munka tahi" inda Bakano ke cewa "muka tafi", ya ce "shina" a madadin "yana". Wasu masu rubutawa, musamman waɗanda suka saba da daidaitacciyar Hausa, sukan gyara wa tsohuwa bakinta ba tare da sun lura ba. Wannan ɓarna ce. Rubuta yadda ta faɗa, in ya so ka buɗe wani shafi inda za ka haɗa "tahi" da "tafi", da "gida" da "gidan". Ƙa'idar da ka ɗauka a shafin farko kuwa, kada ka sauya ta a tsakiyar aiki.

Yanzu jera su daga mafi yawa zuwa ƙasa. A rubutun Hausa "da" ce kan hau sama, ƙananan kalmomi irin su "ya", "ta", "a" da "na" suna biye. Gero da ruwa, da mutum zai zaci su ne sarakai, suna can baya. Sai ka ninka matsayin kowace kalma da adadin fitowarta, za ka ga amsar kusan ɗaya ce. In ta farko ta fito sau 1,000, ta biyu kan kusanci 500, ta goma kuma 100. Ana kiran wannan dokar Zipf, da sunan George Kingsley Zipf na Jami'ar Harvard a Amurka, wanda ya bayyana ta a littattafansa na 1935 da 1949, ko da yake wani Bafaranshe, Jean-Baptiste Estoup, ya riga shi lura da ita. A tarin rubutun Ingilishi na Jami'ar Brown, mai kalmomi kusan miliyan ɗaya, kalmar da ta fi yawa ita kaɗai ta cinye kusan kashi 7 cikin ɗari.

Kada ka yar da wutsiyar jerin. Kusan rabin kalmomin sau ɗaya tak za su fito, kuma a nan sunayen bori, da na ciyayin fadama, da tsofaffin kalmomin noma suke kwance. Saman jerin na littafin ƴan koyo ne, ƙasansa na ƙamus. Tunda Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, ya kamata malaman ƙasar Arawa su fara naɗar tsofaffinsu tun suna da rai.