Darasin Kiwon Kifi: Sabon Kwami da Faɗan Tarwaɗa

Wanda ya fita birnin Sakkwato ta Ƙofar Dundaye ya nufi Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, zai ratsa fadamar Kwalkwalawa, ya ƙetare gulbin Rima. Tun kaka da kakanni masunta suke cin abinci a wannan ruwa. Amma tun da aka tare gulbin Sakkwato a Bakolori a 1978, aka kuma tare Rima a Goronyo a 1984, ruwa ya rage malala cikin fadamu yadda ya saba. Kifi kuwa a fadama yake hayayyafa sa'ad da gulbi ya cika. Kifin gulbi ya ragu, bakunan ci sun ƙaru. Saboda haka ƙungiyoyinmu suna ta shawarar gina kwamin siminti ko kafa na tamfol don kiwon tarwaɗa.

Shawara ce mai kyau. Kiwon kifi ba baƙo ba ne a Arewa, gama tun farkon shekarun 1950 aka kafa gonar kifi a Panyam ta ƙasar Filato. Sai dai mu sani, kuɗin da 'yan ƙungiya suka tara da gumi yana iya nutsewa cikin makonni shida na fari. Abu biyu ne suke cinye shi: ɗanyen ruwa, da kifin da ke cin ɗan'uwansa. A kansu za mu yi nazari yau.

1. Me ya sa sabon ruwa yake kashe kifi?

Kifi yana ci, yana kashi a cikin ruwan da yake shaƙa. Ta kunnuwansa yana fid da wani dafi da ake kira ammoniya. Abincin da ya rage bai ci ba shi ma yana ruɓewa ya zama ammoniya. A gulbi ruwa yana tafiya da dafin. A kwami ba shi da wurin zuwa.

Akwai waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani, watau bakteriya, masu aikin share wannan dafi. Wani masani mai suna Sergei Winogradsky ne ya ware su ya bayyana aikinsu a 1890. Iri biyu ne. Na fari suna juya ammoniya ta zama naitirait, wanda shi ma dafi ne, gama yana shiga jinin kifi ya hana shi ɗaukar iska, har jinin ya koma ruwan ƙasa. Na biyu suna juya naitirait ya zama naitiret, wanda ba ya cutar kifi sai ya yi yawa ƙwarai. Naitiret kuwa taki ne, irin wanda albasa da alayyafo suke so.

Waɗannan halittu suna manne a bangon kwami da jikin duwatsu, suna bukatar iska, suna kuma yaɗuwa sannu sannu. Sabon kwami ba shi da su. Sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yi yawan da za su iya aikin. Cikin wannan lokaci ammoniya takan fara hawa, sa'an nan ta sauka naitirait ya hau, daga baya shi ma ya sauka. Sai duka biyu sun sauka muke cewa ruwa ya nuna.

A ƙasarmu akwai ƙarin haɗari. Ammoniya ta fi kisa idan ruwa ya yi zafi, ko idan yana da kaifi irin na toka. A Afrilu da Mayu zafin Sakkwato yakan wuce digiri 40. Sabon siminti kuma yana sakin kaifinsa cikin ruwa. Wanda ya gama shafe kwami ran Litinin ya zuba kifi ran Jumma'a, ya haɗa musu masifa biyu ke nan.

2. Yadda za mu shirya kwami

Tun ran gini tun ran zane. Ga matakan da za mu bi:

(a) Mu cika sabon kwami da ruwa, mu bar shi mako biyu, mu zubar, mu wanke bango da tsintsiya, mu ɗauraye. Kada mu sa sabulu. Na tamfol ma a jiƙa shi kwanaki kaɗan a wanke.

(b) Mu yi rumfar zana a kansa. Inuwa tana sanyaya ruwa, tana kuma rage faɗa, gama tarwaɗa ta fi natsuwa a wuri mai duhu-duhu.

(c) Mu lura da ruwan da muke zubawa. Ruwan famfo yana da kulorin mai kashe kifi da bakteriya, sai ya kwana biyu a buɗe. Ruwan burtsatse ba shi da isasshiyar iska, mu bar shi ya zubo daga sama yana fantsama. Ruwan gulbi sai an tace shi da raga mai ƙananan ido, kada 'ya'yan tsage ko na giwan ruwa su shigo. Kada mu ɗebi ruwa kusa da gonar da aka yi wa feshin magani.

(d) Mu cika kwando da tsakuwa da tsingaro, mu ajiye inda ruwa yake zubowa. Nan ne gidan bakteriya. In wani maƙwabci yana da tsohon kwami mai lafiyayyen kifi, mu roƙi duwatsu kaɗan daga ciki, mu kawo su a jiƙe. Kamar dai yadda ake sa tsohon nono cikin madara ta yi tsami da wuri.

(e) Mu ɗaure busasshen kashin kaji kamar tafin hannu biyu cikin ɗan buhu, mu rataya a ruwa, domin bakteriya su sami abin ci. Safe da yamma mu ɗebi ruwa da bokiti mu kwarara bisa kwandon.

(f) Bayan mako huɗu mu auna. Akwai kayan awon ammoniya da naitirait da ake sayarwa, ƙungiya tana iya sayen ɗaya kowa ya yi amfani. In sun sauka, mu cire buhun, mu canja rabin ruwa, sa'an nan mu aika a kawo kifi.

Kada mu ɗora wa kwandon abin da ba zai iya ba. Yana taimako ne sa'ad da kifi suke ƙanana. In sun girma kashinsu ya fi ƙarfinsa, canjin ruwa shi ne babban magani har ranar sayarwa.

3. Zuba kifi

Masu ajiye kifin ado cikin akwatin gilashi sukan zuba kifi kaɗan kaɗan, su ƙara waɗansu bayan mako biyu. Wannan ba ya yi da tarwaɗa. In muka kawo ƙanana muka zuba bisa waɗanda suka riga su da mako biyu, abinci muka kawo musu. Mu zuba duka rana ɗaya, masu girma ɗaya, daga hannun mai ƙyanƙyasa ɗaya. Abincin ne za mu riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan.

Ga misali. Kwami mai tsawon mita 3, faɗin mita 2, ruwa zurfin mita 1, yana ɗaukar lita 6,000. Masu koyo kada su wuce kifi 300 a cikinsa. Mu sayi waɗanda suka kai nauyin kamar giram 10. Sun fi 'yan mitsi-mitsi tsada, amma sun fi jimiri. Kifi 300 sau giram 10, kilo 3 ke nan. Abincinsu na yini kashi 5 cikin 100 ne na nauyinsu, watau giram 150. A mako na fari mu ba su rabin wannan, giram 75, a raba sau uku. Mu auna sau ɗaya, mu yi wa gwangwani alama, domin duk wanda ke kan aiki ya ba da daidai.

A ɗauko kifi da sassafe. In an iso, a sa jarkar cikin kwami minti 20 zuwa 30 don ɗumin ruwan ya daidaita, sa'an nan a karkata ta su fita da kansu. Kada a ba su abinci ranar.

Lokaci ma abin lura ne. Da hunturu, Disamba da Janairu, kifi ba ya cin abinci sosai, bakteriya ma sukan yi nawa. In muka fara shiri a tsakiyar Afrilu muka zuba a Yuni, kifinmu zai isa kasuwa wajen Kirsimeti.

4. Faɗa da cin juna

Cikin kowane zubi akwai waɗansu masu saurin girma. Tarwaɗar da ta ninka 'yar'uwarta tsawo tana iya haɗiye ta, in ta ɗanɗana kuwa sai ta ƙara girma ta ƙara ci. Kifin da dafi ya kashe mukan ga gawarsa. Wanda aka haɗiye ba ya barin shaida, sai ran ƙidaya a ga 300 sun koma 200.

Maganinsa tantancewa. Kowane mako biyu, har wata biyu, mu rage ruwa da safe kafin su ci, mu kama su da raga mai laushi, mu ware manya zuwa wani wuri, mu ƙidaya duka mu rubuta. Don haka tilas ƙungiya ta tanadi ƙaramin kwami na biyu tun kafin kifi su zo. A taɓa su da jiƙaƙƙen hannu, a kuma yi hankali da ƙayar da ke gefen kansu.

Yunwa tana ƙara faɗa. Mu ba da abinci a kan lokaci, mu watsa shi ko'ina don ƙanana su samu, ƙwayarsa kuma ta dace da bakinsu. Abin da ba su cinye cikin minti 15 ba ya yi yawa.

Masu kiwon karfasa a tafkin ƙasa su lura: namiji yakan haƙa gurbi ya tsare shi da faɗa, suna kuma haihuwa tun suna ƙanana har tafki ya cika da kifin da ba ya girma. Waɗansu sukan sa tarwaɗa kaɗan ta rage 'ya'yan, amma sai wadda bakinta bai isa haɗiye iyayen ba. Tafkin da ke cikin fadama kuma a ɗaga bakinsa. Ambaliyar Satumba 2010 ta yanke hanyar jami'a ɗungum, ruwa irin wannan yakan tafi da kifin gida ya bar na daji.

5. In mun ga alamar wahala

In kifi suna tsaye a saman ruwa kai sama, sun ƙi abinci, ruwa yana kumfa ko wari, mu tsai da abinci yini ɗaya, mu canja rabin ruwa. Mu narka gishirin girki rabin kilo ga kowace lita 1,000, watau kilo 3 ga kwamin misalinmu, gama gishiri yana hana naitirait shiga jini. Kada mu yi saurin zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta, zai kashe bakteriyar da muka yi wata guda muna reno. Ko ba wahala, a makonnin fari mu canja kashi ɗaya cikin uku na ruwa kowane kwana uku, mu kai tsohon ruwan lambu.

In abin ya faskara, mu nemi malamin gona, ko sashen kiwon kifi na jami'a da ke Dundaye. Akwai kuma cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a Sabuwar Busa, kusa da Kainji.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Daga ina za mu sami ruwan canji a watan Afrilu, nawa ne kuma kuɗin ɗebo shi?
2. In wani ɗan ƙungiya ya matsa a zuba kifi kafin ruwa ya nuna, me za mu faɗa masa?
3. Su wa za su riƙe littafin ƙidaya, su wa za su ba da abinci ran Lahadi da ran kasuwa?

Aikin wannan wata

Kowace ƙungiya ta auna kwaminta, ta lissafta litar ruwa da yawan kifin da ya dace, ta rubuta ranar cika ruwa da ranar zuba kifi a bangon kwami da gawayi. A kawo lissafin taro mai zuwa mu duba tare. Sannu ba ta hana zuwa.