Shikago, birnin da ya juya koginsa

Kowa ya san ruwa gangare yake bi. Ba mu taɓa ganin gulbi ya koma inda ya fito ba. Amma akwai wani birni a Amurka inda mutane suka tilasta wa koginsu ya sake hanya. Sunansa Shikago.

Yara, ku buɗe taswirar Amurka ta Arewa. Kusa da iyakar Kanada za ku ga manyan tabkuna 5 haɗe da juna. Ɗayansu shi ne tabkin Mishigan. Tsawonsa ya kusa kilomita 500, wanda ya tsaya wannan gaɓa ba ya hango waccan. Ruwansa ba gishiri, ana sha. Shikago tana bakinsa ta kudu maso yamma. A ƙidayar 2020 mutanenta sun wuce miliyan 2 da dubu 700.

Da can wurin fadama ne, inda albasar daji take tsirowa. Daga sunan wannan albasa, cikin harshen ƴan asalin ƙasar, aka samo sunan garin. To, mi ya kawo mutane cikin fadama? Hanya. Wani ƙaramin kogi yana zuba cikin tabkin. Ba nisa da shi akwai wani kogin kuma, wanda ruwansa ke gangarawa zuwa babban kogin Misisipi. Matafiyi sai ya saɓi jirginsa a kafaɗa, ya yi ƴar tafiya a ƙasa, ya sake sa shi ruwa. Baƙon farko da ya gina gida ya zauna nan, baƙar fata ne mai jin faransanci, ɗan kasuwa, sunansa Jean-Baptiste Point du Sable. Kafin 1790 ya riga ya kafu, shi da matarsa ƴar ƙabilar Potawatomi. A 1833 aka sa ƙabilar nan ta bar ƙasarta, aka tura ta yamma. Wannan ba abin alfahari ba ne cikin tarihin birnin.

A 1848 aka gama gina hanyar ruwa tsakanin kogunan biyu, jirgin ƙasa kuma ya fara aiki. Alkama da masara da katako da shanu suka riƙa kwararowa. Kun san yadda gari ke bunƙasa in yana mahaɗar hanyoyi. Ku tuna da kasuwar Maradi.

Garin ya girma da gaggawa, gidaje kuwa na katako ne. Ran 8 ga Oktoba 1871, bayan an daɗe ba ruwan sama, wuta ta tashi, iska ta hura ta. Sai ran 10 ta mutu. Mutum wajen 300 suka rasu, wajen 100.000 suka rasa wurin kwana. An daɗe ana cewa wata saniya ce ta harbi fitila, amma ba wanda ya tabbatar. Saniya dai ba ta da bakin kare kanta. Da aka sake gini, sai aka koma ga dutse da ƙarfe. A 1885 aka gama wani bene mai hawa 10 wanda ginshiƙan ƙarfe ke ɗauke da shi. Daga irinsa dogayen benaye suka fara.

Amma akwai abin da ya fi wuta kisa, shi ne ƙazamin ruwa. Bahaya da ƙazantar mahauta duk cikin kogi ake zuba su. Kogi ya kai su tabki. Daga tabkin nan kuma gari ke ɗibar ruwan sha. Ku yi tunani: kamar a gina salga dab da rijiya ne. Zazzaɓin taifot da zawo da amai suka yi ta kashe mutane, musamman yara ƙanana. Aka kai bakin bututun ɗibar ruwa can nesa cikin tabki, ƙazanta ta bi shi.

Sai injiniyoyi suka tuna da tudun nan da matafiya ke tsallakewa da jirgi a kafaɗa. Ba shi da tsawo. Suka haƙa babbar hanyar ruwa mai kilomita 45, suka yanke shi, suka yi mata zurfi fiye da kwarin kogin. A watan Janairu 1900 aka buɗe ta. Tun daga nan kogin Shikago ya juya wa tabki baya, ya nufi Misisipi. Ruwa bai daina bin gangare ba, gangaren ne aka canza. Cuta ta ragu a Shikago. Mutanen San Luwi kuwa, da ke can ƙasa bakin Misisipi, suka ga dattin wani ya nufo su. Jiharsu ta kai ƙara babbar kotun ƙasa, amma a 1906 ba ta yi nasara ba. Ni dai a ganina kukansu yana da dalili. Sai daga baya aka gina wuraren tace ƙazamin ruwa.

Yau baƙi suna shiga jirgi su bi kogin nan suna kallon benaye. Mafi tsawo shi ne Willis, mai hawa 110, mita 442. A hawa na 103 akwai ɗakunan gilashi da suka fito waje. Mai ƙarfin hali ya tsaya ciki, ya hangi motoci ƙarƙashin ƙafarsa kamar tururuwa. Akwai gidan tarihin baƙaƙen Amurka mai ɗauke da sunan du Sable, wanda aka kafa a 1961. Kakannin da yawa daga cikin baƙaƙen birnin daga kudancin ƙasar suka zo neman aiki, suka taho da kiɗansu na bulus. Hutun da kuke yi ran 1 ga Mayu ma tushensa nan ne: a 1886 ma'aikatan Shikago suka yi yajin aiki, suna neman kada aikin yini ya wuce awa 8.

Tambayoyi
1. Don mi matafiya suke saɓa jiragensu a kafaɗa?
2. Yaya aka yi kogin ya juya? Ku gwada da ruwa da ƙasa cikin filin makaranta.
3. A garinku, ina ruwan wanki da na makewayi yake zuwa? Taki nawa ne daga can zuwa rijiya? Ku auna, ku rubuta amsa da hausa da faransanci.