Ambursa ta taɓa zama ƙarƙashin teku: yadda ake karanta tarihin ƙasa da waya

Daga Ambursa zuwa gaɓar teku a Legas ya fi kilomita 600, kuma yankin Birnin Kebbi yana kimanin mita 200 sama da teku. Duk da haka, shekaru kusan miliyan 60 da suka wuce, ruwan gishiri ne ya rufe wannan yanki. Wani siririn teku ne ya ratso Sahara ya kwanta a kwarin Sakkwato. Daga baya ruwan ya janye, ƙasa ta ɗago, koguna suka zuba yashi da laka a kai.

Shaidar tana nan. Dutsen farar ƙasa na Kalambaina, wanda ake yin siminti da shi, cike yake da ɓawon halittun teku da suka zama dutse.

Abu uku ne ke sauya gaɓa. Ko ruwa ya ƙaru, kamar yadda ake gani yanzu saboda narkewar ƙanƙara. Ko ƙasa ta ɗago, kamar gaɓar Kvarken a Finland da ke tashi kusan santimita ɗaya a shekara. Ko kuma kogi ya tara laka, kamar yadda ya cike tashar jiragen ruwan Afisa a Turkiyya, har kangon birnin ya koma kilomitoci daga teku.

Na ukun shi ne ya fi shafar Kabi a yau. Gulbin Rima ba ya zama wuri ɗaya. Yana cin gaɓar da ke wajen kwana, ya ajiye yashi a ta ciki, wani lokaci ya yanke kwanar ya bar tafki mai siffar baka. Manyan biranen Kabawa, tun daga Surame ta Kanta a ƙarni na 16 zuwa Birnin Kebbi da Argungu, a kwarin nan suka zauna: kusa da fadama don kifi da shinkafa, amma a kan tudu.

Yadda za a duba a waya

1. A sauke manhajar Google Earth, a rubuta Ambursa ko Argungu.
2. A matso da hoton kan fadama. Layuka masu lanƙwasa da suka fi duhu ko kore, tsoffin hanyoyin ruwa ne.
3. A kunna tsoffin hotuna daga jerin shimfiɗun taswira, a kwatanta shekaru. Sashen Timelapse yana komawa har 1984, da hotunan tauraron ɗan'adam.
4. A kwatanta rani da rani, damina da damina. Haɗa hoton Maris da na Satumba yana ruɗar da mutum.

Wannan aiki na cin data, don haka ya fi kyau a yi shi inda akwai Wi-Fi.

Amfanin ya wuce sha'awa. Ambaliyar 2020 ta lalata gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi. Idan ruwa ya cika, tsoffin hanyoyinsa yake fara bi. Duk wanda zai sayi fili ko ya kafa gida kusa da fadama, ya fara duba tsoffin hotuna, sannan ya tambayi dattawan unguwa inda ruwa ya taɓa kaiwa. Hotunan sun tsaya a 1984, amma abin da dattawa suka sani ya wuce nan.