Ko Batirin Mota Zai Iya Ɗaukar Kwamfuta?

A ɗauka wani malamin kimiyya a Dogon Daji yana son kafa ƙaramar kwamfuta cikin motarsa, domin nuna wa ɗalibai hotunan ƙwayoyin halitta a ƙauyukan Tambuwal da Kebbe inda wutar lantarki ba ta da tabbas. Kafin ya sayi ko da waya ɗaya, wajibi ne ya san ko wutar motar za ta ɗauki wannan nauyi.

Lissafin ba shi da wuya. Ƙarfin wuta, wato wat, shi ne bolt sau amfiya. Alal misali, idan uwar allon kwamfutar da ƙwaƙwalwarta suna cin wat 45, allon kallo 12, ma'ajiyar bayanai 5, fanka da sauran tarkace 8, jimla ta zama wat 70. Sai dai kwamfuta tana bukatar bolt 12 da 5 da 3.3 daidai wa daida, don haka dole a sa na'urar da ke sarrafa mata wuta, ita kuwa tana ɓarnatar da wani kaso ya zama zafi. Idan kashi 85 cikin ɗari kawai take isarwa, za a jawo kusan wat 82 daga batir, wato kimanin amfiya 7. Hikima ita ce a sayi na'ura mai wat 100 ko fiye, a kuma duba fiyus ɗin da za a jona, domin na ramin kunna sigari yawanci amfiya 10 ne ko 15.

Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne sunan "bolt 12". Cikakken batir yakan nuna 12.6. Idan inji na aiki, altaneta kan ɗaga shi zuwa wajen 14. Amma a daidai lokacin da aka murza makulli, kikstata kan zuƙe wuta har ta faɗi ƙasa da bolt 10. Wannan ɗan lokaci ya isa kwamfuta ta mutu, aikin da ba a adana ba ya salwanta. Saboda haka ake neman na'urar da aka ƙera musamman don mota, irin mai karɓar daga bolt 6 zuwa 24. Makanikin wuta zai iya auna matakan nan uku da mitarsa cikin 'yan mintuna.

Ɗaliban ilimin halittu za su gane batir da kyau idan suka tuna hanta: ajiya take yi, ba ita ke samar da abinci ba. Batir mai lamba 60 ba a so a sha fiye da rabinsa, ke nan amfiya 7 za ta cinye wannan rabo cikin sa'o'i huɗu da 'yan kai idan inji a kashe yake. Wanda ya zarce haka a wani ƙauyen Kebbe, sai ya nemi masu turi.

Har ila yau akwai zafi. A watan Afrilu zafin ƙasar Sakkwato kan haura digiri 40, cikin rufaffiyar mota kuwa ya fi haka nesa. Zafi yana tsufar da batir da wuri, ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka. Don haka a yi gwajin da tsakar rana, fitilu da na'urar sanyaya mota a kunne, a ga ko mitar za ta tsaya sama da bolt 13.