Amsoshin Tambayoyinku: Wa Zai Biya Diyyar Leburan da Ya Ji Rauni?

Wani mai sauraronmu daga Kumbiya-Kumbiya a Gombe yana tambaya: idan lebura ya ji rauni a wurin gini, wa doka ta ɗora wa alhaki?

To malam, mun gode. Haɗurran da aka fi gani su ne faɗowa daga tsani ko katakon da aka ɗaure da ruɓaɓɓiyar igiya, bulo ya sulluɓo a kan wanda ba shi da hular kwano, rodi ya taɓa wayar lantarki, ko rami ya rufta.

A Najeriya, Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashinsu a asusun hukumar NSITF. Daga nan ake biyan kuɗin magani da diyyar nakasa ko mutuwa. Wanda ya ji rauni, ko iyalinsa, su sanar da ubangidansa cikin kwana 14, shi kuma ya sanar da hukumar cikin kwana 7. A nemi diyya kafin shekara ta cika.

Idan sakacin ɗan kwangila ne, kamar hana kayan kariya, ana iya zaɓar kai ƙara kotu. Don haka a adana takardun asibiti, a ɗauki hoton wurin, a riƙe shaidu, sannan a ga lauya. Allah ya kiyaye mana masu neman halaliya.