Damina: Abokiyar Manomi, Abokiyar Sauro

Cututtukan da ke damun duniya a yau suna da yawa. Akwai tarin fuka, da ƙanjamau, da hawan jini, da ciwon sukari. Amma a garuruwanmu na Agye da Gazawa da Gidan Rumji, abubuwa biyu ne suka fi cinye yara: zazzaɓin cizon sauro da tamowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zazzaɓin nan ya kashe mutum wajen 600,000 a shekarar 2023. Mafi yawansu a Afirka suke, kuma ƙanana ne da ba su kai shekara 5 ba.

Cututtukan nan biyu tare suke zuwa, kuma da damina suke zuwa. Daga Yuli zuwa Satumba rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba. A daidai lokacin ne ruwa ke kwanciya a kududdufai da ramukan da aka haƙa ƙasar gini, da fadamun Gulbin Maraɗi. Can sauro ke ƙwai. Yaron da bai ƙoshi ba, jikinsa ba ya iya kokawa da zazzaɓi. Yaron da zazzaɓi ya kama kuwa ba ya cin abinci, jininsa ya ragu, sai ya rame. Manya ba su manta da 2005 ba, shekarar da fari da fara suka sa gidajen likita na jahar Maraɗi suka cika da yara masu tamowa.

A 2013 aka fara ba yara maganin rigakafin zazzaɓi na damina a ƙasarmu, Gidan Rumji na cikin wuraren farko. Ana ba yaro daga wata 3 zuwa shekara 5, sau ɗaya kowane wata, har damina ta wuce. Maganin na kwana 3 ne. Ranar farko ma'aikacin lafiya ne ke ba shi. Kwana na biyu da na uku, aikin uwa ne a gida.

A nan ake samun matsala. Lokacin noma ne, uwa ta yi sammakon gona, ƙwaya ta zauna ƙulle a bakin zane. Wata kuma ta ga yaro lafiya lau, sai ta ajiye sauran don ranar ciwo. Wannan asara ce, domin maganin ba ya tsare yaro sosai sai an sha duka ukun. Maigida ma da laifinsa. Wanda bai manta ranar zuba taki ba, bai kamata ya manta ranar maganin ɗansa ba.

Maganin ba ya maye gurbin gidan sauro. A ɗaura shi kowane dare, ko da a tsakar gida ake kwana. A ƙara wa kunun yaro tunkuza ko garin wake, a sa zogale a miya.

Uwa ta koyi awon damtsen yaro da zaren nan mai launi uku. Kore lafiya. Rawaya a kula, a je likita. Ja kuwa, ko kumburin ƙafafu biyu, ba a kwana. Haka ma in jiki ya yi zafi, ko yaro ya ƙi nono, ko ya yi jijjiga: a ajiye hauya, a kai shi likita ranar nan, a gwada jininsa kafin a ba shi kowane magani.