Yadda ake gane inda kalmar "strike" ta dosa a labaran Turanci

Mai karanta jaridun Turanci irin su Daily Trust ko Punch da wuya ya yi mako guda bai ci karo da kalmar "strike" ba. Yau tana labarin malaman jami'a, gobe na sojoji, jibi na kotu. Asalin ma'anarta bugu ne, amma wanda ya riƙe wannan kaɗai zai sha ruɗewa.

Da farko, kafin ka taɓa ƙamus, nemo wanda ya yi aikin. In ƙungiyar ma'aikata ce, kamar ASUU ko NLC, yajin aiki ake nufi. In sojoji ne, hari ne. In wani bala'i ne, afkawa ce: da wannan kalmar aka ba da labarin girgizar ƙasar da ta afka wa Turkiyya da Siriya ranar 6 ga Fabrairun 2023. Kada "struck" ta rikita ka, ita ce dai a sigar abin da ya riga ya wuce.

Sai ka duba kalmar da ta zo kafinta. "Air strike" hari ne ta sama, "drone strike" kuma na jirgi marar matuƙi, irin wanda ya faɗa wa masu Maulidi a Tudun Biri ta jihar Kaduna a Disambar 2023. "Hunger strike" yajin cin abinci ne. A fagen ƙwadago, "warning strike" yajin gargaɗi ne na 'yan kwanaki ko makonni, "indefinite strike" kuwa shi ne na sai-baba-ta-gani. Iyayen ɗalibai su lura da yadda ake rufe irin wannan labari. Yajin da ASUU ta fara ranar 14 ga Fabrairun 2022 ya kai wata 8, kuma da ya zo ƙarshe a Oktoba, kalmar da aka yi amfani da ita "suspend" ce, wato dakatarwa. Mai dakatarwa bai yar da sandarsa ba, jingine ta ya yi.

Mataki na uku shi ne kalmar da ta biyo bayanta, kuma nan ne aka fi yin ɓaranɓarama, musamman a labaran shari'a. In ka ga "court strikes out suit", kotu ta cire ƙarar daga jerin shari'unta ne, galibi ba tare da ta shiga gundarin maganar ba. Wataƙila ba ta da hurumin sauraro, ko an shigar da takardu ba bisa ƙa'ida ba, ko mai ƙara ya daina zuwa. Sau da yawa yana iya gyara kuskurensa ya dawo. Wannan ya sha bamban da "dismiss", inda akasari an saurari ɓangarorin biyu an yanke hukunci, sai dai ɗaukaka ƙara. Mu kuwa duka biyun "kotu ta kori ƙara" muke cewa, shi ya sa za ka ga magoya bayan ɗan siyasa sun cika gari da murna alhali tsugune ba ta ƙare ba. Saboda haka kada ka tsaya a kanun labari, gangara ka ga dalilin da alƙali ya bayar. Akwai kuma "strike down", soke doka ke nan saboda ta saɓa wa kundin tsarin mulki.

Sauran ba su da wuya. "Strike a deal" ƙulla yarjejeniya ne. "Strike oil" dacewa da man fetur ne bayan haƙa, kamar yadda aka yi a Oloibiri a 1956. A shafin wasanni, "striker" ɗan wasan gaba ne irin Victor Osimhen, "late strike" kuma ƙwallon da aka ci ana dab da tashi.

Daga nan sai gwaji. Sa Hausar da ka zaɓa a gurbin kalmar, ka karanta jimlar da babbar murya. In ka ji kanka kana cewa kotu ta shiga yajin aiki a kan wata ƙara, ka san ka ɓata hanya, koma matakin farko. In kana son tabbatarwa, nemi labarin a Aminiya, wadda kamfani ɗaya ke bugawa da Daily Trust, ko a Sashen Hausa na BBC, ka ga kalmar da suka zaɓa a ranar.